Na'urar da Ke Kai Ƙarar Kanta: Daga Birkin Jirgin Sabon Gari Zuwa Uwar Garken Samaru

Gabatarwa



Abin da zan yi magana a kansa yau wani ɗan aiki ne wanda ido ba ya ganinsa, amma albashin waɗansunmu da sakamakon jarrabawar waɗansunmu suna rataye a wuyansa. A kowace babbar ma'aikata a wannan zamani akwai wani ɗaki mai sanyi inda ake ajiye manyan kwamfutoci waɗanda ba a kashe su dare da rana. Su ne ke riƙe da sunayen ma'aikata da makin ɗalibai da lissafin kuɗi, su ne kuma ke amsa wa sauran ƙananan kwamfutoci da wayoyin hannu. Irin wannan kwamfuta ita ake kira uwar garke. To, ita ma jiki gare ta, jikin nan kuwa yakan gaza: fankarta ta tsaya, ko faifan ajiyarta ya lalace, ko zafi ya yi mata yawa, ko a ɗauke wuta. Sau da yawa hakan na aukuwa ne da tsakar dare, sa'ad da mai kula da ita yake gida yana barci. Saboda haka masana suka ƙago dabarar rubuta mata jerin umarni tun da wuri, watau a ce mata, in kaza ya auku ki yi kaza, ba sai kin jira kowa ba.

Zan bi tarihin wannan dabara tun daga tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari har zuwa nan Samaru. Abin da nake so mu fahimta shi ne, rubutaccen umarni wakilci ne. Wanda ya rubuta shi ya naɗa wakili wanda zai zartar da hukunci a bayan idonsa, alhakin abin da wakilin ya aikata kuwa yana nan a wuyan wanda ya naɗa shi.

Birkin da ke kama kansa

Kamar yadda muka sani, Turawa sun fara shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro a 1907, zuwa 1911 dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano. Daga nan Zariya ta zama mahaɗa: wata siririyar hanya ta nufi ƙasar kuza ta isa Bukuru a 1914, aka yi aiki da ita har 1957, wata kuma ta bi ta Gusau ta isa Ƙaurar Namoda a 1929. A gefen tashar nan Sabon Gari ya tsiro, ya cika da direbobi da makanikai da akawuna daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. A nan ne mutanenmu da yawa suka fara zama da wata na'ura mai yanke hukunci da kanta, watau birkin jirgi.

Ga yadda yake aiki. Akwai wani bututu da ya bi ƙarƙashin taragai tun daga kan jirgi har wutsiyarsa. Kan jirgi yakan zuƙe iskar da ke cikin bututun, rashin iskar nan kuwa shi ke ɗage birki daga ƙafafun taragai. Idan tarago ya tsinke a kan tafiya, bututu ya yanke ke nan, iska ta kutsa ciki, birki ya kama a kowane tarago, da wanda ke gaba da wanda aka bari a baya, ba tare da direba ya ɗaga hannu ba.

Da jini aka sayi wannan hikima. Ranar 12 ga Yuni 1889, kusa da garin Armagh a ƙasar Ailan, wani jirgi cike da 'yan makaranta ya kasa hawan tudu, sai ma'aikata suka raba shi biyu. Birkin wancan jirgi irin wanda ke sakin ƙafa ne idan an cire bututu, saboda haka taragan baya suka gangaro suka yi karo da jirgin da ke biye, mutum 80 suka mutu, da yawansu yara. Cikin wannan shekara Majalisar Ingila ta yi dokar tilasta wa jiragen fasinja birki mai kama kansa. Ƙa'idar da aka tsayar ita ce, a gina na'ura ta yadda in ta gaza, gazawar za ta kai ta ga tsayawa lafiya.

Wannan ƙa'ida ba ta tsufa ba. Ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike mai ƙarfin kilowat 30, wadda Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki da ita a 2004, an ƙera ta ne yadda in ruwan cikinta ya ɗau zafi, ƙarfinta zai ragu da kansa. Amma birki da tukunya abu guda kowannensu ya sani. Kwamfuta ce ta zo da wakilin da ake iya sauya wa umarni da rubutu.

Yadda kwamfuta ta koyi katse aikinta

A 1947 wani masanin lissafi mai suna Richard Hamming yana aiki a ɗakin binciken kamfanin Bell a Amurka. Injin lissafin wurin yana iya gane cewa kuskure ya shiga lambobinsa, amma a ƙarshen mako babu ma'aikacin da zai duba, saboda haka sai ya yar da aikin ya kama na gaba. Hamming yakan dawo ran Litinin ya tarar babu sakamako. Ya yi tunanin cewa injin da ya iya gane kuskure ya kamata ya iya gano wurinsa ya gyara. A 1950 ya buga hanyar yin haka, kuma jikokin wannan hanya ne ke cikin ƙwaƙwalwar uwar garke a yau, suna gyara ƙananan kurakurai, suna kuma ƙirga su domin a san in wani sashe ya fara lalacewa.

Cikin shekarun 1950 ɗin nan ne kuma aka ƙago abin da za mu kira katsewa. Maimakon kwamfuta ta yi ta leƙa sassanta tana tambayar lafiyarsu, sai aka ba kowane sashe ikon taɓa ta, ita kuma ta ajiye abin da take yi, ta je ta karanta umarnin da aka tanada domin wannan alama, sa'an nan ta komo. Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne na injin PDP-11 na 1970. Idan ya ji ƙarfin wuta yana faɗuwa, yana da kimanin kashi 2 cikin 1,000 na sakan kafin ya mutu. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido yakan kwashe abin da ke hannunsa ya zuba a ƙwaƙwalwarsa ta maganaɗisu, wadda ba ta mantuwa ko babu wuta, in wuta ta dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya.

A nan gida, an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, shi ne aka sa wa cibiyar kwamfuta ta Samaru sunansa. Waɗanda suka yi bincike a nan a ƙarshen shekarun 1970 da cikin na 1980 suna tune da babban injin nan Cyber 72 na kamfanin CDC, da yadda ɗalibi kan kai damin katunan da aka huda, ya dawo daga baya ya karɓi doguwar takarda. A wancan zamani, a nan da ko'ina a duniya, tsakanin injin da hukunci akwai mutum. Injin ya rubuta kukansa a kan allo, ma'aikacin da ke bakin aiki ya karanta, ya yi abin da ya dace. Injin guda ne, masu tsaronsa suna da yawa.

Zamanin uwar garke

Daga baya lissafin ya juye. Injuna suka ƙanƙance, suka yi araha, suka yawaita, har ya zama mutum guda na kula da goma ko ɗari. A jami'o'inmu wannan sauyi ya kankama ne cikin shekarun 2000, lokacin da Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'o'i huɗu, watau ta Zariya da ta Bayero da ta Ibadan da ta Fatakwal, har da fannin sadarwar kwamfuta, rajistar ɗalibai da biyan kuɗi suka koma intanet. Ido biyu ba sa iya tsaron garke irin wannan, dole a nemi wakili.

An daɗe ana harhaɗa kayan aikin wakilin. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969, ya ba kowane ma'aikaci damar jera umarni a cikin fayil kamar yadda ake rubuta wasiƙa, injin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A 1988 aka tsayar da wata ƙa'ida ta yadda na'ura za ta aika wa wata na'ura saƙon gaggawa ta waya. A wannan shekara kuma masana uku na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley suka bayyana tsarin haɗa faifai da yawa, ta yadda in ɗaya ya mutu sauran za su iya sake gina abin da ke cikinsa a kan wani faifai na ko-ta-kwana. A tsakiyar shekarun 1990 masu ƙera faifai suka amince da tsarin SMART, wanda ke sa faifai ya riƙa auna lafiyar kansa. A 1998 kuwa kamfanonin Intel da Dell da HP da NEC suka fito da ƙa'idar wani ɗan ƙaramin dogari da ake dasawa cikin uwar garke. Shi ba ya barci ko an kashe injin, muddin wayarsa na jikin wuta. Yana auna zafi da gudun fanka da ƙarfin lantarki, yana kai rahoto.

Bilhasali, aikin ya kasu matakai huɗu: a ji alama, a kai rahoto, a zartar da umarni, a rubuta abin da aka yi. Alal misali, akwatin batir ya sanar cewa an ɗauke wuta. Umarni ya ce a dakata minti biyu ko janareta zai tashi. In bai tashi ba, a aika wa mai kula saƙo ta waya. In batir ya ragu zuwa sulusi, a rufe rumbun bayanai tukuna, domin kada wuta ta yanke a tsakiyar rubuta albashin wani, sa'an nan a kashe injuna bi da bi. Duk wannan bai wuce layi ashirin ko talatin na rubutu ba, amma shi ne ke raba ma'aikatar da ta wayi gari lafiya da wadda ta wayi gari da rumbun da ba ya buɗuwa.

Inda wakili ya gaza

Tarihi ya nuna hanyoyi uku da wannan wakilci ke ɓaci, kowace kuwa da shaidarta.

Ta farko, alama ba kullum take zuwa ba. A 2007 injiniyoyin kamfanin Google suka buga binciken da suka yi a kan faifai fiye da 100,000. Suka tarar kimanin kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su ba da wata alamar gargaɗi ba ko kaɗan. Ashe wanda ya dogara ga gargaɗi kaɗai, bai ajiye kwafin bayanansa a wani wuri dabam ba, ya gina rumbunsa a bakin rafi.

Ta biyu, mai kai ƙara shi ma yakan kwanta. Ranar 14 ga Agusta 2003, a ɗakin kula da lantarki na wani kamfani a jihar Ohayo ta Amurka, manhajar da ke buga ƙararrawa ta sandare ba tare da ta sanar da kowa ba. Fiye da sa'a guda ma'aikata suna ganin shiru suna zaton lafiya, alhali manyan wayoyi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin magariba mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada sun rasa wuta. Da an tuna da birkin jirgi da ba a yi haka ba, domin a birki yankewar bututu ita kanta umarni ce. Abin da masana ke yi yanzu shi ne su sa kowane mai tsaro ya riƙa cewa ina nan a kai a kai, shirunsa kuwa a ɗauke shi ƙararrawa.

Ta uku, wakili yakan yi gaggawa. Ranar 21 ga Oktoba 2018, a kamfanin GitHub, inda masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye aikinsu, ana cikin sauya wata na'urar sadarwa da ta fara lalacewa sai hanya ta yanke na sakan 43. Umarnin da aka rubuta ya ɗauka cewa cibiyar gabashin Amurka ta mutu, nan take ya miƙa ragama ga ta yamma. Da hanya ta dawo sai aka tarar kowane rumbu yana ɗauke da abin da babu a ɗaya, aka shafe sa'a 24 da minti 11 ana ɗinke ɓarakar. Wakilin bai saɓa wa umarni ba ko da wasali guda. Waɗanda suka rubuta ne ba su hango irin wannan rana ba.

Tun a 1983 wata masaniya ta Ingila, Lisanne Bainbridge, ta ja kunne a kan wani abin da ya haɗa ukun nan. Gwargwadon yadda na'ura ke karɓe aikin yau da kullum, gwargwadon yadda hannun ma'aikaci ke sanyi, alhali shi za a kira a rana mafi wuya, ranar da na'urar ta rasa abin yi.

Wutarmu da zafinmu da ƙurarmu

To, jama'a, mu komo gida. Kusan duk waɗannan na'urori an ƙera su ne a ƙasashen da ɗauke wuta abin labari ne, umarnin da suke zuwa da shi daga masana'anta kuwa an rubuta shi bisa wancan hali. Mu namu halin mun san shi. An kafa hukumar lantarki ta farko ta ƙasa da dokar 1950, aka gama dam ɗin Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka miƙa yawancin kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a Nuwamba 2013, Zariya ta faɗo ƙarƙashin na Kaduna. Suna ya sauya sau da yawa, amma a Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Ku dubi umarnin da ke cewa, da zarar wuta ta dawo a kunna injin. A wata ƙasa daidai ne. A nan kuwa wuta kan dawo ta yi minti uku ta koma, ta bar injin a tsakiyar tashi da batir wanda bai sha komai ba, wannan faɗuwa ta biyu kuwa ta fi ta farko haɗari, domin babu sauran ƙarfin da za a rufe rumbu da shi. Namu umarnin dole ya ce a jira wuta ta zauna, batir ya ɗauki rabonsa, kafin a kunna kome.

Ku dubi zafi. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka ta ba da shawarar a riƙe ɗakin uwar garke tsakanin digiri 18 da 27 a ma'aunin Salshiyas. A bazarar Zariya, cikin Maris da Afrilu, inuwa ma takan haura 35. Batir na iya riƙe kwamfuta, amma da wuya ya riƙe na'urar sanyaya ɗaki, saboda haka a wurinmu zafi kan kai ga injin tun batir bai ƙare ba. Umarnin da ke kallon batir kaɗai ya bar ƙofa a buɗe. Haka nan ƙurar hunturu takan toshe matatar iska a hankali, alamarta kuwa ita ce fanka ta riƙa ƙara gudu mako bayan mako, abin da sai mai karanta rahoto zai lura da shi.

Daɗin daɗawa akwai batun harshe, wanda shi ne fagena. Saƙon da injin ke aikawa da ƙarfe biyun dare, wa ke kusa da shi? Galibi mai gadi ne da mai kula da janareta, injiniya kuwa yana can gida. Babu abin da ya hana a rubuta wannan saƙo da Hausa, a ce wuta ta ɗauke, a ta da janareta, saura minti goma. Kwamfuta ba ta damu da harshen saƙon da aka ba ta ta isar ba. Gargaɗin da wanda ke wurin bai fahimta ba, da shi da babu duk ɗaya.

Kammalawa

Ma'aikatan gwamnati sun fi kowa sanin cewa ba a ba wakili iko da baki. Akwai takarda, akwai sa hannu, akwai iyakar abin da zai iya zartarwa, akwai kuma takardar miƙa aiki in an yi masa sauyin wuri. Abin da nake roƙo shi ne a ɗauki rubutaccen umarnin uwar garke a wannan matsayi. A san wanda ya rubuta shi da wanda ya amince da shi. A ajiye kwafinsa a fayil ɗin ma'aikata, kada ya tafi da ɗan kwangila ko ma'aikacin da ya yi ritaya. A bar masa hukuncin da ake iya warwarewa, kamar kashe injin lafiya, a hana shi wanda ba ya warwaruwa, kamar goge faifai, sai da iznin mutum. A kuma riƙa gwada shi da rana tsaka, a zare wuta da gangan a ga abin da zai yi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma ɗalibai, waɗansunku ne za su rubuta irin wannan umarni a ma'aikatun Kaduna da Kano da Abuja. Kafin ku rubuta layin farko, ku tambayi kanku tambayar da masu birki suka amsa a 1889: in wannan abu ya gaza, kuma babu kowa a wurin, ta wane ɓangare zai faɗi? Bayan amsar akwai fanshon wani tsoho da takardar shaidar wata yarinya da ta yi shekara huɗu tana karatu.